Ɗan Sa-ido a Wuyan Hannu: Daga Ƙofar Ran Zuwa Wikki

Ba mu kai Ningi ba agogon motsa jikin da na ɗaura ya yi ɗan kaɗawa a wuyan hannuna. Na janye hannun riga na duba, sai ga shi yana yi mini barka, wai na haura taku 4,000. Ni kuwa tun da na shiga mota a Kano ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba, in ban da a Birnin Kudu da muka sauka muka yi alwala muka ba da farali. Ina maƙure a jikin ƙofa, wani ɗan kasuwar Kwari ya matse ni da ƙullin atamfofinsa, hannuna na hagu riƙe da mariƙin sama. Duk ramin da direba ya faɗa, agogo ya rubuta mini lada.

Wata uku ke nan da na saye shi. Likita ne ya auna ni ya ce jinina ya fara leƙa sama. Ya dubi takardar gabansa, ya dubi tumbina, ya ce shekara 46 ba tsufa ba ne, amma zaman ofis da tuwon dare ba za su bar ni lafiya ba. Ya ce in nemi minti 150 a mako ina tafiya mai ɗan sauri, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke son babba ya yi. Ni kuma irin mutanen nan ne da ba sa fara abu sai sun sayi kayan aikinsa tukuna. Na je na zaɓo na tsaka-tsaki, ba irin waɗanda ake zubawa a tire a bakin titi ba, ba kuma waɗanda kuɗinsu zai sayi babur ba. Yana ƙirga taku, yana auna bugun zuciya, yana lura da barci, yana da GPS nasa na kansa mai gane inda mutum yake, an kuma rubuta a bayansa cewa ruwa ba ya shigarsa. A Kano daga gida sai ofis sai masallaci, ban taɓa ba shi wahala ba. Wannan zuwa Bauchi, ɗaurin auren 'yar Kawuna, shi ya fara fito mini da halinsa.

Abin da ya faru a motar nan ba lalacewa ba ce. Agogon ba ƙafa yake gani ba, hannu yake ji. Akwai wata 'yar na'ura a cikinsa mai jin motsi ta fuska uku, sama da ƙasa, gaba da baya, hagu da dama. In ta ji hannu yana lilo a kai a kai irin na mai tafiya, sai ta ƙirga. A kan kwalta mai santsi tana iya gane mota ce ta yi shiru. Da an shiga gargada kuwa, shi ke nan, ta rikice.

Mun shiga Bauchi gab da magariba, hazon hunturu ya lulluɓe duwatsun da suka kewaye garin, kawunansu kawai ake hange. Ɗan Kawu ne ya zo ɗaukata, taubashina, wanda tun muna yara ba ya ganina ya ƙyale. Bai gama amsa sallamata ba idonsa ya sauka a hannuna.

"Bakano, me ka ɗauro mana? Ko beli aka ba ka aka maƙala maka na'urar bin sawu?"

Na ce agogon motsa jiki ne. Ya shafa tumbina ya ce, "To shi agogon na ga yana motsi. Saura jikin."

Wanda ya kwana a Bauchi bai karya da masa ba, kamar bai zo ba ne. Da safe Inna, matar Kawu, ta aika aka karɓo ta da zafinta, manya-manya, gefe ya soyu ya yi ja, ciki kuma laushi kamar auduga, ga miyar taushe da man shanu na narkewa a kai. Bakwai na ci, ban da ta takwas da na raba da wani jikan gidan. Sai kunya ta kama ni, na ce zan fita in ƙona abin da na ci. Na danna GPS a ƙofar gida na tsaya jira.

Nan ne agogon ya fara wanke kansa. Bai cika minti ɗaya ba ya kama. Ba ruwansa da sabis ɗin waya, ba ruwansa da data. Sauraron taurarin ɗan'adam yake yi, waɗanda ke kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,000 a sama, kuma da ya ji aƙalla huɗu daga cikinsu ya san inda ka tsaya. Na bar wayata a ɗaki da gangan. Daga wajen Ƙofar Ran na nufi cikin gari, na bi ta gaban fadar Sarki da babban masallaci, na zaga ta Wunti inda 'yan Keke Napep suka cika hanya da ƙaho, sannan na dawo ta lunguna. Garin Malam Yakubu ne, almajirin Shehu Usmanu wanda ya karɓo tuta ya kafa masarautar a farkon ƙarni na 19, kuma har yau da sunayen ƙofofin ganuwarsa ake kwatance, Ƙofar Wunti, Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Jahun, Ƙofar Wase, ko da ita ganuwar ta zama tarihi a yawancin wurare. Da na dawo agogo ya ce kilomita 5.2 na yi. Taubashina bai yarda ba, ya ce ƙaryar Kanawa ta kama har agogonsu. Da yamma ya ɗauke ni a mota muka bi manyan titunan da na bi yana kallon ma'aunin motarsa, lissafi ya zo kusa da kusa. Da muka haɗa agogon da waya, sai ga zanen hanyar a kan taswira, har ɗan karkacewar da na yi na tsallaka titi don in gaisa da wani mai shayi. Ya yi shiru, abin da ba kasafai yake yi ba.

Inda na ƙi yarda da agogon shi ne lissafin kalori, wato ma'aunin ƙarfin abincin da jiki ya ƙona. Ya ce na ƙona 430. Ta ina ya sani? Nauyina da tsawona da shekaruna ni na ba shi, sauran kuma kirdado ne daga bugun zuciya da motsin hannu. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada irin waɗannan na'urori guda bakwai a jikin mutum 60. Wajen bugun zuciya shida daga ciki kuskurensu bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Wajen kalori kuwa, wadda ta fi duka ƙoƙari ta kauce da kashi 27, ta ƙarshe da kashi 93. An samu ci gaba tun daga lokacin, amma kirdado sunansa kirdado. Na kuma buɗe manhajar don in rubuta abin da na ci, na nemi masa babu, na nemi miyar taushe babu, balle man shanu. Abincin da ke jere a ciki na mutanen wata nahiya ne. Manhajar ma ba ta jin Hausa, kuma in saƙon WhatsApp ya shigo fuskar agogon, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ suke sai ɗan akwati ya tsaya a gurbinsu.

Bayan azahar muka ziyarci kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa, da yake ba nisa da gidan Kawu. Firayim Ministan Najeriya na farko, kuma shi kaɗai, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966, mai hoto a takardar naira biyar. An buɗe ginin a 1979, kuma waɗanda suka tsara shi sun yi tunani. Ta wani dogon zaure mai duhu ake shiga, ana tafiya ana lalube, haske na ƙaruwa kaɗan-kaɗan, har a fito fili mai buɗaɗɗen sama inda kabarin yake. Mai yi mana jagora yana bayani a hankali cewa duhun nan zamanin mulkin mallaka ne, hasken kuma 'yanci. Ana cikin haka na ɗaga hannu zan dafa bango, sai agogo ya ɗauka dubawa zan yi, ya haske zauren fayau. Na rufe shi da tafin hannu, na sake motsawa, ya sake kamawa. Wani dattijo a bayana ya yi gyaran murya. Akwai inda ake kashe wannan ɗabi'a tasa, amma sai ka shiga lungu uku a cikin saitinsa, ni kuma a lokacin ban san hanya ba. Na cire shi na jefa aljihu, a haka na yi wa marigayin addu'a.

Ita kuwa alwala kullum sai mun yi rigima da shi. Dole ruwa ya game hannu har gwiwa, shi kuma don ya ji bugun zuciya daidai so yake a ɗaure shi tamau, sama kaɗan da ƙashin wuyan hannu. Sau biyar a rana sai na sassauta ko na cire. In na yi kasala na mayar da shi kan damshi, madaurin robarsa ya riƙe ruwa da gumi da ƙurar hunturu, kwana biyu sai ƙananan ƙuraje su feso. In ɗigon ruwa ya sauka a fuskarsa kuma, sai ya ɗauka yatsa ne, ya yi ta buɗe abin da ba a tambaye shi ba.

Da dare muna zaune a zaure Kawu ya miƙo hannu ya karɓa. Malamin firamare ne mai ritaya, ya ba 70 baya, ba ya yarda da abu sai ya juya bayansa. Ya ga koren haske na walƙiya a ƙasan agogon ya ce wannan fa? Na ce, Kawu, da shi yake jin zuciya. Jini na shanye koren haske. Duk bugun da zuciya ta yi, jinin da ke ƙarƙashin fata yana ƙaruwa, hasken da ke dawowa sai ya ragu, tsakanin bugu da bugu kuma ya ƙaru. Wannan hawa da saukar yake ƙirgawa. Kawu ya ɗaura, ya sa yatsu biyu a wuyansa, ya ce taubashina ya riƙe masa minti ɗaya a waya. Ya ƙirga 68, agogo ya ce 67. Ya gyaɗa kai.

"To auna mini hawan jini da suga, ɗana."

Na ce ba ya yi. Ya ce ai akwai wani yaro a unguwa da ya sayo mai araha a kasuwa, yana bin tsofaffi yana auna musu duka biyun. Nan na tsaya na yi masa magana da gaske, don wannan ba abin wasa ba ne. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito fili ta gargaɗi mutane kada su dogara da duk wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba, ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba. Mai ciwon suga da ya rage magani saboda lambar da agogon bakin titi ya nuna masa, da ransa yake wasa. Hawan jini kuma, na'urar nan mai matse damtse da ke cikin durowar Kawu ta fi duk wani abu da ke hannuna. Na ma fi ganin mutuncin nawa agogon da bai yi alƙawarin abin da ba zai iya ba.

Ranar ɗaurin aure na saka babbar riga, agogon roba bai dace da ita ba, sai Kawu ya ce in ba shi ya yini da shi. Ban kawo komai a raina ba. Ya tafi masallacin asuba da ƙafa, ya zaga gaishe-gaishen 'yan uwa, ya je kasuwa karɓo goro da alawa, ya raka baƙi ya dawo ya sake raka wasu, da la'asar kuma ya leƙa wata 'yar gonarsa a bayan gari wai don ya ga ko shanu sun shiga karan da ya tara. Bayan isha'i na duba, taku 17,600. Ni da na sayi agogon, a wata uku sau biyu na taɓa kai 10,000.

Ya tambaye ni wa ya yanke 10,000 ɗin. Na ce ba likita ba ne, talla ce. A 1965, shekara guda bayan gasar Olamfik ta Tokiyo, wani kamfani a Japan ya fitar da na'urar ƙirga taku ya sa mata suna Manpo-kei, ma'ana ma'aunin taku dubu goma. Lambar ta yi daɗin faɗi, ta bi duniya. Kawu ya yi dariya har hularsa ta zame. "Wato kai kuɗi ka biya a gaya maka ka tashi ka yi tafiya." Ya ce shi ladan ne ke gaya masa, sau biyar a rana, kyauta.

Washegari ni da taubashina muka kama hanyar Yankari. Titin Gombe ake bi har Dindima, inda gadar kogin Gongola take, sannan a karya dama a nufi kudu cikin ƙasar Alkaleri har ƙauyen Mainamaji, inda babbar ƙofar gandun take. Daga ƙofa zuwa sansanin Wikki akwai sauran kilomita 40 da 'yan kai a cikin daji, ba gida ba gona, sai itatuwa da suka zubar da ganye da ciyawa ruwan zinare. Dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Muna tsakiyar wannan hanya na tuna cajar agogon na can maƙale a soket ɗin ɗakin baƙi na Kawu. Batir saura kashi 38.

Wannan laifina ne, amma agogon ma da nasa kason. Cajar waya ko a wane ƙauye ka tsaya za ka samu mai ara maka. Tasa kuwa wata 'yar maganaɗisu ce mai ƙafa biyu da ba ta shiga kowane agogo sai irinsa, ko ƙanensa na kamfani ɗaya ba lallai ta yi masa ba. Ga fawa bank cike a jakata, ba ta da amfani. In gaskiya za a bi, batirinsa na daga cikin abin da nake yabo. Yana kai ni mako guda, alhali wasu masu tsadar kusan kullum sai an jona su, abin da ba ƙaramin aiki ba ne a ƙasar da wuta ke zuwa yadda ta ga dama. Amma mako gudan nan in ba a kunna GPS ba ne. Da ka kunna, zuƙa yake yi kamar rakumi ya samu rijiya.

A sansanin Wikki gwaggon biri ne mai gari. Suna zaune a kan motoci, suna leƙa tagogi, gaduna kuma na durƙushe a kan gwiwoyin gaba suna kiwo a tsakar fili kamar tumakin gida. An gargaɗe mu a ƙofa kada mu riƙe leda a fili. Na ji, na kuma manta. Na fito da ledar sauran masar biki da Inna ta ƙulla mana, ban yi taku biyar ba wani ƙato ya diro gabana, ya yage baki ya nuna mini fiƙoƙi masu tsawon yatsana. Ban san lokacin da na saki ledar na koma mota da baya-baya ba. Taubashina ya kwanta a kan sitiyari yana dariya har da hawaye. Can da yamma na buɗe zanen bugun zuciyata na ranar, layi na tafiya lafiya lau wajen 80, sai ga wani tsini ya miƙe ya kai 141, daidai ƙarfe 1 da minti 12. Taubashina ya ɗauki hotonsa ya tura zauren 'yan uwa, ya rubuta a ƙasa, "Shaidar jarumtar Bakano." Tun daga ranar yake kiran agogon ɗan sa-ido.

Sunan bai yi ƙarya ba. Kafin manhajar ta yarda ta yi aiki sai da na ba ta ranar haihuwata da nauyina da izinin sanin inda nake, kuma duk abin da agogon ya tara yana wucewa ta waya zuwa rumbun kamfanin a wata ƙasa. A farkon 2018 taswirar da manhajar Strava ta wallafa ta hanyoyin da masu amfani da ita ke bi wajen gudu ta tona wuraren da sansanonin sojan Amurka suke a ƙasashen waje, saboda sojojin na zagaye da irin waɗannan na'urori a hannu. Ni ba soja ba ne, amma zanen da ya nuna ƙofar gidana da lokacin da nake fita kullum ba abin da zan baza wa duniya ba ne. Na kashe wannan ɓangaren tun a Kano.

Sai ruwan Wikki. Matakala ce doguwa ake bi a gangara, kana sauka iska na canzawa, har ka iso inda ruwan ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin wani jan dutse mai tsayi. Garau yake, kana tsaye ruwa a ƙirji kana ganin farcen ƙafarka a kan farin yashi. Ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina, kuma lita miliyan 21 yake zubarwa kullum zuwa kogin Gaji. Da sanyin hunturun nan, shigarsa kamar a lulluɓa maka bargo ne. Na tsaya a baki ina shawara, in cire agogo ko in bar shi. A bayansa an rubuta 5 ATM, wato an gwada shi da matsin da ya yi daidai da zurfin mita 50 a ruwan da ba ya motsi. Ba cewa aka yi ka nutsa mita 50 da shi ba. Iyo a sama-sama ne aka yarje maka, ban da tsalle daga tudu, ban da ruwan zafi da sabulu masu cinye robar da ta toshe kafofinsa. Na ce bismillah na shiga da shi.

Awa guda da rabi muka yi, ko ɗigo bai shige shi ba. Ta nan ya cika alƙawari. Lissafin iyon ne ya zama abin dariya. An gina shi ne don kwamin wanka mai bango biyu, inda mutum ke zuwa ya taɓa ya juyo, da juyowar yake gane an gama tsawo ɗaya. Wikki ba ta da bango, doguwar ƙorama ce mai kusan mita 200 da ke lanƙwasa cikin itatuwa. Duk waiwayen da na yi don in ga ko biri ya sauko kan kayanmu, agogo ya ce na kai ƙarshe na dawo. A lissafinsa na yi abin da ko ɗan Argungu sai ya huta. Bugun zuciya ma yana zuwa yana ɗaukewa, don ruwa na shiga tsakanin fata da koren hasken.

Hawowa ce ta fi ba ni haushi. Matakalar da na sauka ina fira, da na zo hawanta sai da na tsaya sau biyu ina haki, hannu a gwiwa. Agogon ba shi da ma'aunin matsin iska da masu tsada ke gane hawa da shi, don haka a wurinsa taku ne kawai, daidai da wanda na yi a tsakar ɗaki. Amma zuciya ba ta ɓuya, 152 ya nuna, kuma sai da aka yi minti huɗu kafin ta sauko ƙasa da 110. Taubashina da ya girme ni da wata bakwai yana sama yana jirana yana cin gyaɗa. Wannan lambar ta fi duk wa'azin likita shiga jikina.

A daren muna zaune a waje taubashina ya tambaye ni, ban da wasa, ko ya saya. Na ce in zai sa shi kullum ya riƙa kallon yadda lambobin ke tafiya daga mako zuwa mako, ya saya. Lokacin da na fara, bugun zuciyata in ina hutawa 84 ne, yanzu ya sauko 77, kuma da ba don agogon ba da ban san 'yar tafiyar da nake yi bayan la'asar tana aiki ba. Ko da yana kuskure, kuskure iri ɗaya yake yi kullum, don haka bambancin jiya da yau gaskiya ne. In kuwa so yake ya gaskata kowace lamba ita kaɗai, ya riƙe kuɗinsa ya sayi takalmi mai kyau.

A kan barci dai ba mu taɓa shiryawa da agogon ba. Na kwanta ƙarfe 11, na tashi asuba wajen 5 da rabi, na yi salla na koma na ƙara awa guda. Da safe ya ce barcina bai isa ba, ya ba ni maki na faɗuwa, don a wurinsa da na miƙe na yi alwala dare ya ƙare. Wanda ya tsara shi bai san barci biyu ba. Ran da na kwanta shiru ina sauraron labaran rediyo kuwa, ido biyu, ya rubuta mini minti 40 na barci mai daɗi.

Da hantsi muka shiga buɗaɗɗiyar motar zaga daji, mu tara, da wani ma'aikacin gandu da ya manyanta a gaba riƙe da bindiga. Na kunna GPS don in samu zanen hanyar, batir saura kashi 14. Mun ga gwanki, mun ga mazo ya gilma, ga gwambaza tsaye a bakin fadamar Gaji suna kallonmu. Can dattijon ya ɗaga hannu direba ya tsaya. Ya sauka ya tsuguna a kan wani sawu mai faɗin faranti, ya taɓa kashin da ke gefe da bayan hannu, ya dubi wani reshe da aka karya, ruwan jikinsa bai bushe ba.

"Giwa ya wuce nan bayan asuba, Alhaji. Su shida ne, da ƙarami ɗaya. Ruwa suka nufa."

Kunnen Bakano ya so ya gyara masa "ta wuce", sai na tuna a Bauchi nake, inda ba a cika wahalar da kai wajen raba namiji da mace a magana ba. Na ce, Baba, ta yaya ka san shida ne? Ya nuna mini ƙasa kamar mai nuna wa yaro allo. Ni ƙura kawai na gani. Garken Yankari na cikin mafi girma da suka rage a Najeriya, kuma ba kowa ke dacen ganinsu ba. Muka bi inda ya ce, muka kashe mota muka yi shiru. Ƙarar karyewar itace muka fara ji, sannan bayan wata ƙatuwa ya bayyana cikin kurmi, toka-toka, kunne na kaɗawa. Na ƙirga biyar. Dattijon ya ce ta shidan na bayan tsamiya.

Ina so in ga me zuciyata ta yi a wannan lokacin, na juya hannu, fuskar agogo baƙi ƙirin. Ya mutu tun kafin mu iso. Haka muka ƙarasa kogunan Marshall, ramuka 59 da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, kowanne da 'yar ƙofa zagayayya da sai ka rarrafa, waɗanda ake cewa mafaka ce a zamanin farautar bayi. Na hau na sauka, na yi gumi sharkaf, ba wanda ya rubuta mini ko taku ɗaya. Sau uku ina kai ido wuyan hannuna ina ganin baƙin gilashi.

Da muka koma Bauchi na tarar Inna ta naɗe cajar ta adana a cikin kwalla, ta ɗauka wani abin jikokinta ne. Na jona shi ya kwana. Da safe na ce ba wanda zai kai ni tasha, da ƙafa zan tafi. Kawu ya sa mini albarka, Inna ta cika mini jaka da masa da ƙuli-ƙuli, taubashina ya biyo ni a mota a hankali yana danna ƙaho yana kiran mutane su zo su ga Bakano na tafiya. Na yi kusan minti 40 ina ɗaga ƙafa. Da na isa na ajiye kaya na duba, taku 900 da 'yan kai. Ashe a hannun hagu na riƙo jakar, hannun bai yi lilo ba ko sau ɗaya.

Na samu kujerar jikin ƙofa, na kama mariƙin sama. Kafin mu kai Ningi ya biya ni bashina har da ƙari.